Dirhami 7,000 a wata zai riƙe ni da iyalina a Dubai?

Tambaya: Malam, ni akanta ne, kuma ina da shago a Kantin Kwari da muke juyawa ni da ƙanena. Sau uku ina zuwa Dubai saro kaya, garin kuwa ya kwanta mini a rai. Yanzu wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Deira ta Dubai ya yi mini tayin aiki, dirhami 7,000 a wata. Matata ɗaya, 'ya'yanmu uku, biyu suna firamare. Ina tunanin in sayar da kasona na shagon mu tattara mu koma can gaba ɗaya. Me za ka ce?

Amsa: Alhaji, Allah ya zaɓa maka mafi alheri. Shekara goma sha ɗaya na yi a garin nan, da farko a harkar auna kaya da tura su gida, daga baya na koma bin takardun ma'aikata a ofisoshin gwamnati, saboda haka irin tambayarka ta sha zuwa gabana. Kafin in ce komai, ka tuna mini, a waɗanne watanni ka yi tafiye-tafiyen nan uku? Ina kyautata zaton tsakanin Nuwamba da Maris ne, lokacin da iska take kaɗawa da daɗi. Ka sauka a otal a Naif ko kusa da dandalin Baniyas, ka yi kwana goma ko sati biyu, da rana kana kasuwa, da yamma ka hau kwale-kwalen dirhami 1 ka tsallaka Bur Dubai, ranar da za ka tafi kuma ka je ka ɗaga kai ka kalli Burj Khalifa. Wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya, babu wanda ya tare ka a hanya. Duk wanda ya ga haka ya ce bai yi sha'awa ba, bai faɗi gaskiya ba. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Baƙo kwana-kwana yake biya, da kuɗin da ya zo da su, ranar da suka ƙare ya hau jirgi. Mazauni kuwa shekara ake lissafa masa, yawanci kuma kafin ya ci moriyar abin ake karɓa.

Ka riƙe wannan adadin a ranka: a 2024 baƙi sama da miliyan 18 ne suka shiga Dubai suka kwana, alhali mazauna garin ba su cika miliyan 4 ba a lokacin. Gari ne da aka gina shi don a sayar wa mai zuwa ya koma. Mai gida a unguwa mai kyau yana da zaɓi, ko ya ba ka haya ta shekara, ko ya yi wa gidan lasisin saukar baƙi ya riƙa bayar da shi kwana-kwana a lokacin sanyi. Da aljihun Bature ɗan hutu da na attajirin Rasha ko Indiya kake takara a kasuwar haya, ko da ba ka taɓa haɗa ido da su ba. Tun bayan korona, musamman daga baje kolin Expo da aka buɗe a Oktoban 2021, haya ta yi ta hawa shekara bayan shekara.

To bari mu zauna kan maganar gida, domin nan ne yawancin mutanenmu suke karyewa. Galibi ba a biyan haya wata-wata kamar yadda albashi yake shigowa. Cak ake rubutawa na shekara guda a miƙa wa mai gida tun ranar sa hannu, wani ya ce cak ɗaya, wani biyu, mai sauƙin kai ya karɓi huɗu, kowanne da ranar da za a kai shi banki. Mu ƙaddara ka samu ɗaki da falo a kan dirhami 48,000 a shekara, kuma ka sani mutum biyar a ɗaki da falo zaman haƙuri ne. Cak na farko 12,000. Kuɗin ajiya na mai gida, kashi 5 cikin ɗari idan gidan babu kaya, 2,400. La'adar dillali ita ma kashi 5, wani 2,400 ɗin. Sai rajistar yarjejeniyar haya da ake kira Ejari, ɗari biyu da 'yan kai. Sai hukumar ruwa da wuta, DEWA, ta karɓi ajiyar 2,000 kafin ta kunna maka. Ka tara ka gani: kusan 19,000 sun fita, ba ka sayi katifa ba, ba ka sayi tukunya ba. Wato albashinka na kusan wata uku kafin ka karɓi na wata ɗaya. Kuma ba za ka iya rubuta cak ba sai kana da asusun banki, bankin kuma ba zai buɗe maka ba sai katin shaidar zama ya fito. Watan farko ke nan a otal ko a raɓe wajen wani.

Ejarin nan kada ka raina shi. In babu shi ba za ka iya ɗaukar nauyin bizar matarka da yara ba. Shi ya sa masaukin da yawancin 'yan Afirka da 'yan Asiya suke ciki ba zai yi maka ba: hayar gado, inda mutum shida ko takwas suke ɗaki guda a gadaje masu hawa biyu, ko falon da aka yayyanka da katako aka mayar da shi akurki-akurki. Gwauro zai iya jurewa, na kuma san waɗanda suka yi shekaru a haka suna tura kuɗi gida. Amma yanka gida ba da izini ba laifi ne, hukumar birni tana kai samame, a 2025 ma ta tsananta a unguwanni irin su Al Rigga da Satwa, mutane da yawa suka wayi gari da jakunkunansu a bakin titi. Ga haɗarin gobara. A Afrilun 2023 wuta ta kama wani bene a Al Ras, nan cikin Deira, mutum 16 suka rasu. Allah ya jiƙan Musulmi.

Za ka ji ana cewa ai Dubai babu haraji. Gaskiya ne ba a taɓa albashinka. Amma duk wata, a cikin takardar kuɗin wuta, za ka ga an saka kuɗin gida, kashi 5 cikin ɗari na hayarka ta shekara an raba shi gida goma sha biyu. A lissafinmu 200 ke nan duk wata. Tun Janairun 2018 akwai kashi 5 a kan kusan duk abin da ka saya. Wasu benaye kuɗin sanyaya ɗaki daban ake biyansa ga wani kamfani, ka tambaya kafin ka sa hannu, domin na ga wanda murnar arahar haya ta koma masa ciki da takardar farko ta zo. Idan kana da mota, duk ƙofar karɓar kuɗin hanya ta Salik da ka ratsa dirhami 4 ne, daga farkon 2025 kuma 6 a lokacin cunkoso. Tsallaka titi ba a inda aka shata ba, tarar 400. Cin abinci ko shan ruwa a cikin jirgin ƙasa na birni, 100. Kowanne ƙarami ne in ka dube shi shi kaɗai, haɗuwarsu ce take cin mutum.

Yanzu mu buga lissafinka. 7,000 sau 12, 84,000 a shekara. Cire haya 48,000, saura 36,000. Makarantar gwamnati ta 'yan ƙasa ce da farko, kuma da Larabci ake karantarwa, don haka ta kuɗi za ka nufa. Makarantun kuɗi suna hawa-hawa, daga masu bin manhajar Indiya da Pakistan da suka fi sauƙi, har zuwa na Ingilishi da ake biyan sama da 100,000 a shekara kan yaro ɗaya. Mu ɗauka ka samu mai sauƙi, 12,000 kowane yaro, yara biyu 24,000, ban sa motar makaranta da kayan sawa da littattafai ba. Saura 12,000 a shekara. Dirhami 1,000 a wata. A cikinsa za ka biya ruwa da wuta da kuɗin gida, intanet, waya, kuɗin mota zuwa aiki, abincin mutum biyar, sannan inshorar lafiya. Doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikacinsa inshora, amma ta mata da 'ya'ya a wuyan maigida take, kuma ba a buga musu biza sai da ita. Ta matar aure ta fi tsada saboda haihuwa. Ban taɓo kuɗin bizar kansu ba, da gwajin lafiya, da katin shaida, waɗanda ake sabuntawa duk shekara biyu. Ban taɓo tikitin zuwa gida ba, in rasuwa ta faɗo ko biki.

Doka dai ta ce mai albashin 4,000, ko 3,000 da gidan kamfani, yana iya kawo iyalinsa. Wannan iyakar ofishin shige da fice ce. Kasuwa tata iyakar daban take.

Na san abin da ya faru a zuciyarka da ka ji 7,000. Ka ɗauki waya ka buga shi da canjin yau, ka ga miliyoyin naira, gabanka ya faɗi don murna. Kowa haka yake yi, ni ma haka na yi. Amma da dirhami za ka sayi shinkafa, da dirhami za ka biya mai gida. Naira ba ta shiga lissafi sai a kan abin da ya rage a ƙarshen wata, in ya rage. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.67 a kan dala ɗaya, shekara da shekaru bai motsa ba. Wannan alheri ne ga mai karɓar albashi can yana turowa gida, masifa ce kuma ga mai ɗebo naira daga gida yana cike giɓi can. Ka tuna 2023: kafin watan Yuni dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Waɗanda na sani da suke zaune a Dubai suna dogaro da hayar gidajensu na Abuja ko ribar shagonsu na Kano, cikin 'yan watanni kuɗin shigarsu ya koma kashi ɗaya cikin uku, haya kuwa ba ta rage ko sisi ba. Idan ka sayar da kasonka na Kwari ka canja shi, cak biyu ko uku zai biya, shi ke nan ya tafi.

Mafita da kowa yake bi ita ce zama a Sharjah, masarautar da take maƙwabtaka da Dubai, ko Ajman in aka ƙara matsawa. Haya ta fi sauƙi sosai, garin ya fi natsuwa, ba a sayar da giya a Sharjah, kuma mai iyali Musulmi zai fi sakewa a can. Ni ma shekara shida na yi a Al Nahda ta ɓangaren Sharjah. Abin da ka rage a haya da barcinka kake biyansa. Jirgin ƙasan Dubai bai shiga Sharjah ba. Titin Al Ittihad da safe, tafiyar da ba ta fi minti ashirin ba da tsakar dare, sai ta cinye maka awa ɗaya da rabi. Daga sallar Asuba nake fita, in dawo bayan Isha'i, yarana sai Juma'a suke ganin fuskata da rana, a zamanin da Juma'a da Asabar ne hutu. Tun Janairun 2022 an mayar da hutun Asabar da Lahadi, kamfanonin jigilar kaya kuwa da yawansu kwana shida suke aiki. Lasisin tuƙinka na Nijeriya ma ba a musanya shi kai tsaye, sai ka shiga makarantar koyon mota ka biya dubban dirhami, kuma faɗuwa jarrabawar ba abin kunya ba ne, direbobin da suka yi shekara ashirin a hanyar Kano zuwa Legas sun faɗi.

Sai zafi. Bakano yana jin an ce zafi zai yi dariya, ya ce mu da muka san watan Afrilu. Wannan wani iri ne. Daga Yuni zuwa Satumba ma'auni yana haura 45, ga tururin teku a kai, ka fito daga mota gilashin idonka ya yi hazo, rigarka ta jiƙe kafin ka kai ƙofar masallaci. Da daddare ma babu sauƙi, babu zancen shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Har doka aka yi ta hana aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Wata huɗu yara suna kulle a ɗaki da falo, na'urar sanyi tana aiki dare da rana, kuɗin wuta yana ninkawa. In sun gaji ka kai su babban kanti su sha iska, babban kanti kuma an gina shi ne don ya raba mutum da kuɗinsa.

A nan ne nake so ka tsaya ka yi tunanin uwargida, domin a wasiƙarka sau ɗaya ka ambace ta, a cikin ƙidaya. A Kano tana da mahaifiyarta, da 'yan'uwa, da maƙwabta, da Islamiyya, da biki da suna. In ta haihu akwai mai zaman jego, in yaro ya yi zazzaɓi akwai mai riƙe mata sauran. A bene na tara a Sharjah, maƙwabcinta na dama ɗan jihar Kerala ta Indiya ne, na hagu ɗan Misira, kowa ya rufe ƙofarsa. Kai ka fita tun duhu. 'Yar aiki kuwa sai mai hali, domin biza da albashi da inshora ake yi mata. Na ga auren da talauci bai girgiza shi a gida ba, kaɗaici ya girgiza shi a can. Tawa matar shekara biyu ta yi ta ce a mayar da ita, kuma ita ce mai gaskiya.

Akwai wani haraji kuma da ba ya cikin kundin gwamnati, wanda sai mazaunin garin yawon buɗe ido ya san shi. Daga ranar da aka ji ka tare a Dubai, ka zama masauki. Ɗan baffanka zai zo saro waya, surukarka za ta zo sayen gwal da abaya, abokin yayanka zai biyo da iyalinsa hutu. Kai za ka tarbo su a filin jirgi, kai za ka kai su Dubai Mall da Global Village, kuma Bahaushe ba ya barin baƙonsa ya zaro kuɗi a gabansa. Hawa Burj Khalifa kaɗai ya haura dirhami 150 kan mutum ɗaya. Su sau ɗaya suke yi a rayuwa, kai duk wata biyu. Ni sau huɗu na hau, ko sau ɗaya ba don kaina ba. Waɗanda ba su zo ba kuma sautu za su aiko: turare, agogo, atamfar da suka gani a hoto, "ka saya in ka zo ma yi lissafi", lissafin da har yau ba a yi ba. A gida kuwa sunanka ya koma Alhajin Dubai. Kuɗin asibitin dangi, kuɗin makarantar marayu, gudummawar aure, duk kai za a fara bugawa waya. Wa zai yarda cewa mutumin da yake ɗaukar hoto a gaban waɗancan benaye shayin karak da burodi ya ci da rana?

To duk wannan kuɗi ne, kuɗi kuma ana iya samunsu. Abin da ya fi su nauyi shi ne matsayin zamanka. 'Yan ƙasa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na jama'a ba, sauran duk baƙi ne masu izinin zama na wa'adi. Ko shekara talatin ka yi, ko a can aka haifi ɗanka, fasfonsa kore ne irin naka. Bizarka a jikin aikinka take, bizar matarka da yara kuma a jikin taka. Ranar da kamfani ya sallame ka, za a soke ta, a ba ka 'yan makonni ko 'yan watanni, gwargwadon rukunin aikinka, ka samu wani aikin ko ka fice. Bayan wa'adin, tarar dirhami 50 ce kowace rana kan kowane mutum. Cak ɗin hayar da ka rubuta kuwa suna hannun mai gida, ba ruwansu da an kore ka. Tun 2022 an sassauta, cak da ya dawo don babu kuɗi a asusu galibi ba ya kai mutum kurkuku kamar da, amma mai bin ka bashi zai iya zuwa kotu da shi kai tsaye, a hana ka fita ƙasar. Ka ga tsaka mai wuya: ba ka da izinin zama, ba ka da izinin tafiya. Bankuna kuma za su yi ta kiranka suna tallar katin bashi tun watanka na uku. Alhaji, ka toshe kunnenka. A rikicin kuɗi na 2009 motoci aka riƙa tsinta a filin jirgi sun yi ƙura, masu su sun gudu sun bar bashi.

Fansho babu. Abin da ake bayarwa kuɗin sallama ne, albashin kwana 21 kan kowace shekara a shekaru biyar na farko, kwana 30 bayan nan, kuma a kan tushen albashi ake lissafawa, ban da alawus. Shi ya sa kamfanoni suke son rubuta tushe ƙarami su cika sauran da alawus na gida da na mota. Ka duba yadda aka raba 7,000 ɗin nan a takarda. Bizar zinariya ta shekara goma da ake ta yayatawa gaskiya ce, amma ta mai gidan dirhami miliyan 2 ce, ko manyan ƙwararru da masu zuba jari. Ɗa namiji kana iya riƙe shi a bizarka har ya kai 25, daga nan sai ya nemi tasa.

Mu 'yan Nijeriya kuma muna da namu ƙarin. A Oktoban 2022 aka dakatar da ba mu biza, kamfanin jirgin Emirates ya daina zuwa Nijeriya saboda kuɗaɗensa da suka maƙale. Sai a Yulin 2024 aka sanar da buɗe biza, jirgin ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoba na shekarar. Kusan shekara biyu. A tsakanin nan na san waɗanda aikinsu ya ƙare suka samu wani amma takarda ta ƙi fita, da waɗanda iyalinsu suka zo hutu gida komawa ta gagara. Babu laifin da suka yi, saɓani ne tsakanin gwamnatoci biyu ya faɗo a kansu. An buɗe ƙofar, amma ba kamar da ba, kuma wanda ya rufe ta jiya yana nan da mabuɗinsa. Ka kuma shirya wa abin da ba a rubuta ba: babu mafi ƙarancin albashi na bai ɗaya ga baƙi a kamfanoni masu zaman kansu, sau da yawa launin fasfo yana shiga cikin abin da ake yanka wa mutum, akwai kuma dillalan da daga jin ƙasarka sai gidan ya zama an riga an kama.

Game da tayin kansa, ga abin da sana'ata ta koya mini. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar ko kwabo a hannun wanda zai ɗauka, doka ta ɗora masa kuɗin biza da na izinin aiki. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin sarrafa takardu, ɗan damfara ne ko mai sayar da biza, duka biyun kuma rami ne. Takardar tayi ta ainihi daga ma'aikatar ƙwadago take fitowa, da lambar da za ka iya bincikawa a shafinsu. Kada ka yarda da "zo da bizar ziyara ka fara, ma gyara daga baya". Aiki da bizar ziyara laifi ne, in kuma suka ƙi biyanka ba ka da bakin kai ƙara. Ni kaina na faɗa wannan a shekarata ta farko, wata uku na yi wa wani kamfani aiki a kan alkawari, aka sallame ni da kuɗin wata ɗaya da "Allah ya ba da haƙuri". Fasfonka kuma haƙƙinka ne, doka ba ta ba mai aiki ikon riƙe shi ba, ko da an ce maka al'ada ce. Takardar digirinka sai an tantance ta a ma'aikatar harkokin waje a Abuja da ofishin jakadancinsu kafin a rubuta maka akanta a biza. Haka takardar aure da ta haihuwar yara. Da yawanmu an ɗaura mana aure a ƙofar gida da goro da alawa, babu wata takarda, to ka nemo ta tun yanzu. Akwai gwajin jini da hoton ƙirji bayan ka isa, wanda bai tsallake ba gida zai dawo, don haka ka yi naka a Kano tukuna. Magani irin tramadol ko mai kodin kada ya shiga jakarka ba da takardar likita ba, kada kuma ka karɓi ƙullin kowa a filin jirgi, ko na limamin unguwarku ne. Ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba, ko zaginsa a WhatsApp, can maganar kotu ce.

Kada ka ɗauka ina ɓata garin ne. Na ci arzikinsa, gidan da nake ciki yanzu da kuɗinsa na gina. Matarka za ta iya fita ƙarfe goma sha biyun dare babu fargaba. Masallaci ko'ina, abinci halal, azumi kuma an rage awa biyu a lokacin aiki, ga buɗa-baki kyauta a harabar masallatai. Albashin yawancin kamfanoni ta banki yake bi ƙarƙashin idon gwamnati, in an makara akwai inda za ka kai kuka. Mai gida ma ba ya ƙara haya yadda ya ga dama: akwai ma'aunin hukuma, sai ya ba ka sanarwar kwana 90, in kuma fitar da kai zai yi don ya sayar ko ya shiga da kansa, sanarwar wata 12 ce a rubuce. Wanda ya san waɗannan ba a cika taka shi ba. Waɗanda na ga sun ci riba iri biyu ne: mai babban albashi da kamfani ya ɗauke masa gida da makaranta, da kuma gwauron da ya danne zuciyarsa, ya zauna a ƙaramin wuri, ya ƙudura shekara nawa zai yi da abin da zai tara. Na tsakiya, mai matsakaicin albashi da cikakken iyali, shi ne yake yi wa mai gida da makaranta aiki har gashinsa ya yi fari. Tayin da aka yi maka a tsakiyar nan ya ajiye ka.

In ni ne kai, zan koma wa kamfanin da tambaya huɗu a rubuce: za su ba da gida ko kuɗin gida a kan 7,000 ɗin, inshorarsu ta haɗa da iyali, akwai tikitin zuwa gida duk shekara, nawa ne tushen albashi. Yadda suka amsa zai nuna maka irin mutanen da za ka yi wa aiki. In ka ga alamar gaskiya, ka tafi kai kaɗai. Watannin gwaji a doka ba sa wuce shida, a cikinsu kuma sallama ba ta da wuya, saboda haka kada yaro ko ɗaya ya bar makarantarsa kafin su cika. Ka yi ƙoƙari watan Agusta ya same ka a can. Ka samu daftari ka riƙa rubuta duk dirhamin da ya fita, har na shayi. Wata rana ka kwana a Sharjah ka bi motar safe zuwa Deira, ka shiga makarantu biyu ko uku ka karɓo takardar kuɗinsu da hannunka. Ka ware kuɗin tikitin dawowa a asusun da ba ka taɓawa. In uwargida tana so ta ga wuri, ta zo da yara hutun Disamba su yi sati biyu, su hau kwale-kwale, su ci rabonsu na baƙunta.

Shagon Kwari kuwa ka bar shi a hannun ƙanenka, ku kira shaidu biyu ku rubuta kason kowa da yadda za a riƙa raba riba. Kana Deira, a cikin kamfanin jigilar kaya, kana ganin farashi da idonka kullum, kai ne za ka fi kowa amfanar shagon nan, ko da yake manyan 'yan kasuwar yanzu da yawa Guangzhou da Yiwu na ƙasar China suke wucewa kai tsaye. Bayan shekara guda ka ɗauko daftarin nan, ku zauna da uwargida ku karanta shi tare, shafi-shafi.